Malam-buɗe-littafi a Tafin Hannuna

Hannuna na dama ba ya miƙewa, ba ya kuma dunƙulewa. Ya tsaya tsakani, kamar hannun wanda zai kamfaci ruwa a rafi. In an tambaye ni nakan ce faɗuwa na yi a Jidda, don maganar ta ƙare. Amma amsar ba ta kwanta mini ba, domin na faɗi ɗin kam, sai dai ba faɗuwar ce ta karya shi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Karatuna na boko bai wuce elementare ba, alƙalamin ma a tsakanin yatsu nake soka shi, saboda haka a yi mini uzuri.

Ba zan tsaya a kan barin gida ba. Na fita ina saurayi, jim kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, na bi ta ƙasa zuwa hajji kamar yadda talakawa ke bi. Na yi cirar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan har kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Daga nan na gangara Sawakin, bakin Bahar Maliya. Ba ni da fasfo, saboda haka babban jirgi ba nawa ba ne. Wani dillali ya haɗa mu da masu sambuki, wato jirgin katako mai tafiya da iska, ya rantse mana cewa a ƙofar Jidda za a sauke mu.

A cikin sambukin nan na fara ganin yadda ake dukan mutum kamar ba uwa ce ta haife shi ba. Ruwan sha yana cikin duro ɗaya kusa da mai jirgin, wanda suke kira rayis, sai ya ga dama yake rabawa. Akwai wani dattijo Babarbare da zazzaɓi ya kama, ya rarrafa ya ɗora hannu a bakin duron. Bai ma ɗiba ba. Wani matuƙi ya juyo da gindin sandar tuƙi ya buga masa a baki. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Dattijon bai yi ihu ba, ya koma mazauninsa yana tofar da haƙora a tafin hannu yana dubawa. Kafin la'asar ya cika. Suka kama shi hannu da ƙafa suka jefa a teku. Mun yi masa salla daga zaune, ba alwala, gawar kuma tana bayanmu tana ƙara nisa. Na tambayi malamai da dama ko sallar nan ta yi, kowa da abin da ya ce mini.

Wata safiya da hantsi rayis ya hango wani jirgi daga nesa, ya tsorata ko na 'yan sintiri ne. Muna hangen gaɓa fari fat, amma da sauran tafiya. Sai kawai ya hau ihu, "Yalla! Jidda! Jidda!" Matuƙan suka ciro igiyoyi masu ƙulli suka hau mu da duka, maza da mata. Wanda ya riƙe gefen jirgi sai a doke masa yatsu. Na faɗa, ruwa ya kawo mini wuya. Ƙasan ba yashi ba ne, wasu duwatsu ne masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba, suka yayyanka mini tafin ƙafa. Wata mata ta fito gaɓa tana lalubar bayanta. Zanen goyo yana nan a ɗaure, goyon babu. Ban san yadda zan rubuta kukan da ta yi ba, saboda haka na bar shi.

Wurin ba Jidda ba ne. Rairayi ne iya ganin ido. Muka nufi arewa muna bin bakin teku, muna barin sawun jini, har muka faɗa wata hanyar mota. Wani direba Balarabe mai jigilar gawayi ya tsaya. Ya ba mu ruwa daga salkarsa, ya yage rawaninsa ya ɗaure mini ƙafafu da hannunsa, ya ɗora mu bisa buhuna. Ban san sunansa ba. A addu'a "mai gawayi" nake ce masa, ina fata Allah ya san wanda nake nufi, ya kuwa sani.

Ya sauke mu a Mahjar, kudancin Jidda, inda mutanenmu suka kafa rumfuna da fallen garwa da katakon akwati. Aka nuna mini rumfar Baba Idrisu, Bahaushen Sudan, shi ne babban 'yan ga-ruwa na unguwar. Ya ba ni koko, ya dube ni sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a damtsena.

"Miƙo hannun nan."

Laya ce da mahaifiyata ta ɗaura mini ranar da zan fito. Na ce, "Baba, ta innata ce."

"Na san ta innarka ce, ai ban ce ta tawa ba ce. Nan ba Sudan ba ce, ɗana. A garin nan baƙin mutum da ƙunshin takarda sunansa boka. Kwanan baya sun kama wani Bazabarme da irinta a kasuwa, yanzu ta gefe ɗaya yake tauna tuwo."

Ya sa wuƙa ya yanke, ya jefa a murhu. Na zauna ina shaƙar ƙaurin fata. Rigar da na fito da ita ta ƙare a Jazira, takalmina yana cikin teku, layar nan ce kaɗai ta rage mini daga gida. Ban yi kuka a sambuki ba, amma ranar na yi.

Da ƙafata ta warke aka ba ni garwa biyu da sanda. Muna ɗebo ruwa a bazan, wato famfon unguwa, muna kai wa gidaje. A bazan kusan kullum sai an yi faɗa tsakaninmu da Yamalawa, wato mutanen Yaman, a kan layi, sandunan ɗauka su koma makami, a fasa kai, jini ya ɗiga a garwa. Ni dai in aka fara sai in koma gefe. Abin da ya fi damuna shi ne kada ɗigon jinin ya shiga ruwan da wani zai yi alwala da shi. Sai in zubar in sake bin layi. Baba Idrisu ya sa mini suna Haruna mai waswasi.

"Kai in kana alwala sai garwa ta ƙare kana kurkurar baki," in ji shi. "Ranar da za a yi maka wanka ma na san za ka tashi ka ce ba a cuɗa bayan kunne ba."

A gefen unguwar akwai inda ake killace alhazan da suka sauko daga jirgin ruwa da ciwo, har a tabbata ba annoba ba ce. An kewaye wurin da waya. Mukan kai ruwa bakin wayar mu juye a duro ta mazurari, ba ma shiga. A nan na san Tsoho Dawud. Ɗan ƙaramin mutum ne daga tsibiran gabas, irin waɗanda mutanen Jidda ke kira Jawa. Kullum da safe yana zaune a kan tabarma jikin waya yana tari. Rannan ƙuda ya faɗa mini a garwa ina shirin juyewa. Na tsaya ina tunani, na ga marasa lafiya ne za su sha, na zubar da ruwan na koma bazan. Da na dawo sai ya yafito ni.

Larabcinsa guntu-guntu, nawa ma haka, muka haɗa da hannu. Ya ce, "Inta amin," wato ni mai amana ne. Na san in aka fara da wannan kalma akwai kaya a bayanta.

Ya jawo wani gwangwani mai faɗi daga ƙarƙashin zanensa ya buɗe. Cike yake da takardu, kowace an naɗe ta kusurwa uku kamar sambusa. Ya ɗaga bakin ɗaya kaɗan. Malam-buɗe-littafi ne a ciki, busasshe, fikafikansa a haɗe, launin ƙasa-ƙasa kamar mataccen ganye. Ya ce, "Farasha."

Abin da na fahimta shi ne yana da yaya mace, Amina. Ta zo hajji tana amarya tun kafin babban yaƙi, mijin ya rasu a Mina, ita kuma ba ta sami hanyar komawa ba. Tana zaune a wani ribaɗi cikin tsohon gari, wato gidan waƙafi na tsofaffin mata marasa kowa. Duk shekara in alhazan tsibirinsu za su koma, saƙonta ɗaya ne. Ba ta son zane, ba ta son kayan yaji. A kawo mata malam-buɗe-littafin da ke sauka a rafin bayan gidan ubansu. Tsoho Dawud ya sarƙe manyan yatsunsa ya yi fikafikai da tafukansa, ya miƙe ƙananan yatsun ƙasa ya nuna wutsiya biyu kamar ta tsattsewa. Ya ce irinsa babu a duniya sai a tsibirinsu. Ko tsibirin da suke hange daga gaɓa babu shi. Ya faɗa mini sunan tsibirin, bakina bai iya riƙe shi ba.

Sai ya yi tari a gefen zane, ya nuna mini jinin. Ya nuna ƙofar waya ya girgiza kai. Ya kwatanta mini ribaɗin, ya turo gwangwanin ta ƙarƙashin waya. Kafin in haɗa Larabcin da zan ƙi da shi, ya riga ya juya baya ya kwanta.

Yinin nan ban ci abinci ba. Shin wannan mushe ne? Ya halatta in yi salla da shi a jikina? Fitar da kaya daga wurin killacewa ba laifi ba ne? In ciwo ya bi gwangwanin ya kama mutane, wa za a tambaya? Sannan na lura takardun duk rubutu ne a jikinsu, baƙaƙen Larabci, amma ba Larabci ba, kamar ajaminmu. Na kai wa Baba Idrisu. Ya leƙa, ya rufe da sauri, ya waiga.

"Ka haukace? Na ƙone maka ɗaya, ka je ka samo gwangwani guda? Har da ƙwaro a ciki! Ga shi ba ka da iƙama, takardar zama a ƙasar nan. Mayar masa da abinsa, Haruna. In ba ka mayar ba, kada ka kwana da shi a rumfata."

Da gari ya waye na ɗauka na nufi bakin waya don in mayar. Na tarar an naɗe tabarmar an jingine. Wani ɗan Jawa ya ɗaga tafukansa sama, ya shafa fuska. Tsoho Dawud ya cika da asuba.

Yanzu ba wanda zan mayar wa. Kaya ya zama na mamaci, kuma ya ce mini amini a gaban Allah. Na sa gwangwanin cikin garwa marar ruwa, na saɓa sanda kamar mai zuwa aiki, na nufi tsohon gari.

Ban taɓa shiga can ba. Dogayen gidaje ne masu tagogin katako, lunguna matsattsu, mutum yana gogar mutum. Ina tafe ina kallon ƙasa don kada in haɗa ido da ɗan sanda. Na shiga wani lungun kasuwa inda ake sayar da yadi. Wani mai amalanken jaki ya taho da gudu yana ihu a kauce, gefen amalanken ya bugi sandata. Na faɗi. Garwa ta kife, gwangwani ya yi tsalle ya buɗe, takardun suka watse a ƙofar wani kanti.

Da na tashi na gudu a lokacin, da ba abin da ya same ni. Amma ni abin da na gani shi ne baƙaƙen Larabci a ƙasa, ana shirin taka su. Tun a makarantar allo an koya mana in ka ga irin wannan takarda a ƙasa ka ɗauka ka taɓa a goshi ka nemi gafara, domin ba ka san ko sunan Allah yana ciki ba. Na durƙusa. Ina ɗauka, ina kaiwa goshi, ina cewa astagfirullah a hankali. Iska ta tura wata ƙarƙashin dokin ƙofar kantin, na zura hannu na lalubo ta.

A lokacin ban ga yadda nake a idon mutane ba. Baƙin mutum ne durƙushe a ƙofar kanti, yana motsa baki, yana shafa ƙunshin takarda a goshi, hannunsa a ƙarƙashin dokin ƙofa. Daga baya na ji cewa mai kantin matarsa ta daɗe kwance, kuma an gaya masa jifa ne.

Ya fito, ƙato ne mai jan gemu, da ƙarfen awon yadi a hannu. Ya ɗauki takarda ɗaya ya warware. Ƙwaron ya faɗo. Ya ɗaga takardar ya yi ƙoƙarin karantawa, bai gane ba. Ya nuna ni da ƙarfen.

"Sahir!" ya ce. "Takruni sahir!" Wato baƙin mutumin nan boka ne.

Na buɗe baki in ce amana ce, takalmi ya same ni a haɓa, na ciji harshe. Daga nan ban ƙara bambance masu duka ba. Wani ya zare sandar garwata ya karya ta a bayana. Wani ya kama wuyan rigata ya buga fuskata da dutsen ƙofa, na ji hancina ya tafi gefe. Ana zuba mini ƙafa a haƙarƙari ta ko'ina. Wani ya juye mini butar shayi a ƙeya, zafin ya gangara har ƙugu. Mutanen da ba su san abin da aka yi ba suna tahowa daga wasu lunguna suna tambaya, kafin a ba su amsa sun riga sun kai nasu dukan. Ta tsakanin ƙafafu na hangi mai kantin yana tattara takardun da bakin ƙarfe, don kada ya taɓa su da hannu, yana zubawa a kaskon wutar mai shayi. Suna ci fuu, fuu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙaurin ya zo mini hanci, irin na ranar layar innata.

Amma wadda na lalubo daga ƙarƙashin ƙofa tana hannuna na dama. Na kifa tafin a cikina na duƙunƙune a kansa. Yunwa ta yi mini rana a nan, domin cikina ya lotsa, takardar ta sami wurin zama tsakanin ramin ciki da ramin hannu.

Wani ya gani. Ya yi ihu cewa akwai saura a hannuna. Suka birkita ni rigingine, mutum biyu suka danne mini kafaɗu, mai kantin ya durƙusa a kaina yana cewa, "Iftah! Buɗe!" In na buɗe, wuta ce. In na damƙe, na murƙushe shi da kaina. Ba abin da ya rage sai in riƙe hannun yadda yake, ba a buɗe ba, ba a rufe ba, in kuma manne shi da ciki. Ya ɗaga ƙarfen ya sauke a bayan hannun. Ya sake. Duk bugu sai jikina ya so ya damƙe, ni kuma ina roƙon yatsuna kada su yarda. Da ya ga ƙarfe bai yi ba sai ya kama manuniyata ya lanƙwasa ta baya. Na ji ƙas. Ya kama ta tsakiya. Na ji ƙas. Na tuna ina ihu da Hausa, ina kiran Inna, ina kuma tunanin cewa in na mutu a nan wa zai gaya wa tsohuwa cewa ƙanenta ya cika alkawari.

Sai na ji wani abu mai nauyi ya faɗo a kaina, gyaɗa ta watse ko'ina. Wata mata ce mai sayar da soyayyar gyaɗa a bakin lungun, baƙa, ƙatuwa, ta jefar da farantinta ta zauna mini a ƙirji ta baje mayafi. Ta buɗe musu wuta da Larabcin Jidda, irin na wanda aka haifa a garin. Ta kira mai kantin da sunansa, ta kira uwarsa da sunanta. Abin da na tsinta kawai shi ne "haram alaikum" da "ku doke ni mana, in maza ne." Ƙarfen ya tsaya a sama. Ba wanda ya iya dukan mace a kasuwa ido na gani, amma ba su watse ba, sun kewaye mu suna huci.

Ana cikin haka aka kira azahar. Daga bakin lungu masu sanda, masu tilasta salla, suka taho suna buga ƙofofi suna cewa, "Sala! Sala!" Dole kowa ya rufe kanti. Kafin su iso, matar ta ja ni da ƙafa zuwa bayan buhunanta, ta yafa mini tsumma, ta zauna a gaba tana tsince gyaɗarta kamar ba a yi komai ba.

Da lungun ya yi shiru ta ɗaga tsumman. Hausarta a karye take, tana cakuɗa ta da Larabci.

"Kai ya miskin, da rai? Ni ce Ummu Salihu, kakana Bakatsine ne. Me ka riƙe haka? Zinariya?"

Na ce, "Malam-buɗe-littafi ne, Inna."

"Esh?"

"Farasha."

Ta dube ni ta daɗe. "Farasha! An kusa kashe ka a kan farasha? Wallahi ku sababbin zuwa ba ku da aƙal. Na zubar da gyaɗata a kan majnuni."

Na ba ta labari da bakin da ya kumbura. Ta daina faɗa. Ta ce ta san ribaɗin, tana kai musu gyaɗa ran Juma'a. Ta ce, "Yalla tashi, ya waladi, kafin su sallame." Na ce mata ban yi azahar ba, kuma jikina duk jini. Ta ce in na ƙara magana ita za ta ƙarasa ni.

Namiji ba ya wuce zauren ribaɗi, saboda haka a nan aka zaunar da ni. Aka sauko da Hajiya Amina ana riƙe da ita. 'Yar ƙarama ce kamar ƙanenta, idonta ya fara fari, amma in ta kawo abu kusa da fuska tana gani. Larabcinta ya fi na Larabawa, Ummu Salihu ce ke mayar mini da Hausa. Na yi ƙoƙarin miƙa mata takardar, hannun ya ƙi buɗuwa. Ita ta zura siraran yatsunta ta zaro ta. Gefe ɗaya ya jiƙe da jini.

Ta kai takardar kusa da ido, ta ga irin naɗin, ta ce, "Dawud bai zo da kansa ba." Na ce ya rasu yau da asuba, a bakin waya, fuskarsa tana alƙibla. Wannan na ƙarshe ban gani da idona ba, amma tabarmarsa can take kallo kullum, shi ya sa na faɗa. Ta yi salati. Can ta tambaya guda nawa ya kawo. Na ce gwangwani cike, amma an ƙone.

Sai ta yi wata 'yar dariya. "Wawa. Ɗaya na ce masa. Tun yana yaro haka yake, in ka aike shi ya kamo ɗaya sai ya kwashe rafin."

Ta warware takardar. Ga shi nan, launin ƙasa-ƙasa, fikafikai a haɗe. Zuciyata ta karaya. Na ce a raina, ashe a kan wannan busasshen ganye na ba da hannuna. Ita kuwa ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka jiƙa ƙyalle da ruwan zafi, ta ɗora shi a kai, ta kifa kwano, ta ajiye bisa murfin buta mai tururi. Ta ce in aka buɗe shi a bushe karyewa zai yi. Tsofaffin gidan suka kawo ruwa da gishiri suka wanke mini fuska da ƙeya, wata ta ɗaure mini hannu da ɓallin kwando. Na yi taimama da hannun hagu na rama azahar a zaune.

Bayan la'asar ta ɗaga kwanon. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta zare allura daga ɗankwalinta, ta sa tsakanin fikafikan a hankali, tana hura masa numfashi. Ya buɗe.

Ban taɓa ganin irin wannan ba, ban kuma sake gani ba. Baƙi ne wuluk kamar karan-miski, an ja masa wani kore daga wannan fiffike zuwa wancan, kore mai walƙiya, in ta ɗan karkata hannu sai ya koma shuɗi kamar ruwan da muka faɗa a gaɓa. Ummu Salihu ta ce, "Subhanallah," ta kama bakinta. Hajiya Amina ta kawo shi dab da fuska ta fara yi masa magana a hankali da harshensu. Wata tsohuwa a bayanta ta raɗa cewa tun da suke tare ba ta taɓa jin wannan harshe a bakinta ba.

Ni kuwa idona yana ƙasan fikafikan. Wutsiya ɗaya tana nan, doguwa mai faɗin baki kamar ɗan cokali. Ɗayar ta gutsure. Na ce wa Ummu Salihu ta roƙa mini gafara. Da wutsiya biyu aka ba ni, ɗaya na kawo, ban sani ba ko amanar ta sauka daga wuyana.

Tsohuwar ta saurara har aka gama mayar mata. Ta ce a rafin gidansu ma yawancinsu haka suke yawo. Tsuntsu in ya kawo sura, wutsiyar yake kamawa, ita ce ke tsinkewa a bakinsa, shi kuma ya tashi ya tafi. Ta ce masu wutsiya biyu cif sababbin fitowa ne, ba su ga komai ba tukuna. Sannan ta miƙo hannu ta dafa ɗaurin hannuna, ta bar shi a nan har aka kira magariba.

Baba Idrisu ya yi mini faɗa har muryarsa ta dishe, sannan ya goya ni da kansa zuwa wurin mai ɗori. Yatsun suka kama, amma a lanƙwashe. Garwa ta gagare ni, Ummu Salihu ta sa ni suyar gyaɗa da hannun hagu, da shi na yi hajjina, da shi na koma gida bayan shekaru. Hajiya Amina ba ta ga wata sallar layya ba bayan ta shekarar nan.

Abin da ya rage mini shi ne zaman tahiya. Manuniyar ba ta ɗaguwa. Na tambayi malamai, duk sun ce sallata ta yi, ba a kama mutum da abin da ba ya iyawa, kuma na yarda da su. Sai dai har yau in na zauna na kifa hannun a kan gwiwa, akwai ɗan rami a ƙarƙashinsa, kuma ban taɓa iya danna shi ba har in sallame.